Bayan Fitilar Mai Ta Kama, Kilomita Nawa Suka Rage?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, tsarin shan mai ya sauya a Nijeriya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mutumin da a da yake cewa "cika tanki" yanzu sai ya ce "zuba na dubu biyar". Shi ya sa a motoci da yawa ƙaramar fitilar nan mai hoton famfon gidan mai ta daina zama gargaɗi, kullum a kunne take. Tambayar da ke ran kowane direba ita ce: in ta kama, ina za ta iya kai ni?

Fitilar ba ta san nisa ba, yawan man da ya rage kawai ta sani. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mai iyo a saman fetur, haɗe da siririn ƙarfe. Yayin da mai ke raguwa yana yin ƙasa, ƙarfen yana goga wani ɗan faifan lantarki, shi ne saƙon da ke juya allurar da direba ke kallo. Masu ƙera motoci kan saita fitilar ta kama idan saura kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tanki. A Corolla, wadda tankinta ke cin kimanin lita 50, wannan na nufin lita 5 zuwa 8. Idan injinta lafiyayye ne, a buɗaɗɗiyar hanya lita ɗaya za ta ba ta kilomita 12 ko fiye, wato za ta iya yin kilomita 60 zuwa 90. Wanda fitilarsa ta kama a Zariya yana iya shiga Kaduna da ƙyar, tunda tsakaninsu kimanin kilomita 80 ne. Wanda ta kama masa a Kura kuwa, kada ya sa ran ganin Zariya.

Amma wannan lissafin takarda ne. Da yawa daga cikin motocin da ke kan titunanmu tokumbo ne da suka haura shekara goma sha biyar, injektocinsu sun toshe, fulogoginsu sun gaji. Faifan da ke auna man shi ma yana cinyewa, sai allura ta riƙa ƙarya. Ga shi kuma tanki ba murabba'i ba ne, an lanƙwasa shi ne don ya zauna ƙarƙashin kujerar baya, shi ya sa allura kan daɗe a sama, daga rabi kuma ta gangaro da gudu. Sannan ba duk man da ke ƙasan tanki ake iya zuƙa ba. A hawan tudu ko kwana mai kaifi, ɗan abin da ya rage kan tattaru gefe guda, famfo ya zuƙi iska, mota ta fara shaƙuwa alhali da sauran lita ɗaya ko biyu a ciki. A ganina, duk wanda bai san motarsa sosai ba, ya ɗauka kilomita 40 zuwa 50 gare shi, ya nemi gidan mai.

Masu sababbin motoci da ke nuna saura nisa kaza a allo su ma su yi hattara. Kwamfutar tana lissafi ne da yadda aka tuƙa motar a 'yan kilomitocin baya. Wanda ya fito daga babbar hanya ya faɗa cunkoson Kantin Kwari zai ga lambar tana zubewa fiye da tafiyar da yake yi. Motocin da aka shigo da su daga Amurka kuma da mil suke ƙirga: 30 a allonsu kilomita 48 ne.

Abin da ya fi tasiri shi ne ƙafar direba. Mutane da yawa, da zarar fitila ta kama, sai su taka totur wai don su isa gidan mai kafin ya ƙare. Wannan kuskure ne babba. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: motar da ke gudun 120 tana fama da iskar da ta ninka ta mai gudun 80 fiye da sau biyu. Yawancin ƙananan motoci sun fi tsimin mai tsakanin 60 da 80, a babbar giya, ba tare da yawan taka birki ba. A kashe esi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ma tana cin mai, haka buhunan da aka danƙara a but. Injin da ke aiki a tsaye yana iya shan kusan lita guda cikin awa ɗaya bai motsa ko taku ba.

Akwai kuma dabarar da direbobin haya suka gada tun zamanin Fijo 504, ta sakin mota a firi a gangara. A motar kafireta tana ɗan rage shan mai. A motar injekta kuwa akasin haka ne: idan ka ɗaga ƙafa daga totur ka bar ta cikin giya, kwamfuta kan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin; in kuwa ka sa ta a firi, dole a ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu. Mafi muni shi ne masu murɗa makulli su kashe injin ɗungurungum. Birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi, a wasu motocin ma ya kulle. Wannan wasa da rai ne, naka da na fasinjoji, a kan man da bai cika kofi ba.

Kanikawa kan ce tafiya a danja na sa mota ta zuƙi dattin ƙasan tanki. Maganar ba ta cika daidai ba, domin bakin famfon a ƙasan yake ko tanki na cike. Ainihin illar zafi ne. Famfon mai na motocin yanzu ɗan injin lantarki ne da ke zaune tsundum cikin fetur, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke sa masa santsi. Idan kullum a sarari yake, yana zuƙar iska jefi-jefi, a zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, kwanansa zai ƙare da wuri. Mai motar dizal ya fi shiga uku: in man ya ƙare ƙaf, iska ta shiga bututu, a motoci da yawa ko an zuba sabo ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar.

Sai batun inda motar za ta tsaya. A cikin gari, abin kunya ne kawai da turi, sai galan ɗin 'yan bumburutu, mai tsada, wanda ba ka san me aka gauraya masa ba. A hanyar Kaduna zuwa Abuja kuwa, wajen Rijana ko Kateri bayan magariba, ba wanda ke son ya tsaya yana ɗaga jarka.

Na san amsar da za a ba ni: ba don son rai ake tafiya a danja ba, aljihu ne. Gaskiya ne. Sai dai mota ba ta rage shan mai don tankinta ya bushe. Wanda ke zuba lita 5 duk safiya daga danja, da wanda ke zuba lita 5 duk safiya daga kwata, kuɗinsu na mako ɗaya ne. Bambancin shi ne 'yan litocin da na biyun ya daure ya zuba sau ɗaya tak, ya bar su kwance a tanki.

Wanda ke son sanin gaskiyar motarsa, hanyar mai sauƙi ce. Ranar da hali ya samu, da fitila ta kama ya shiga gidan mai mai lita ta gaskiya ya cika tanki, ya cire abin da ya shiga daga girman tankin da ke rubuce a littafin motar. In tankin lita 50 ne, 43 suka shiga, to lita 7 ne rizab ɗinsa.