Ƙarin Ɗaki da Katako: Nasiha ga Malamai da Fatake

Da sunan Allah muke farawa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa na Kurgu da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, har zuwa Illo da Ka'oje da bakin iyakar Benin, ku sani gida ba ya zama yadda aka gina shi. Ɗa ya yi aure, almajirai su ƙaru, falke ya nemi wurin ajiye haja, sai a ce a ƙara ɗaki.

Iyayenmu da tubali da azarar giginya suke ƙari. Azara kuwa ba ta ɗaukar nauyin rufin soro in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6, sai an yi mata dabarar goyo ko bakan gizo, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya. Ga giginya ta yi wuya, ga jiran rani.

Saboda haka waɗansu suka koma ga katako. Kafinta ya auna wuri, ya yanka ginshiƙai da ƙwarangwal ɗin rufi a rumfarsa, ya sa wa kowane lamba, a ɗauko a mota, a harhaɗa a jikin tsohon gini cikin 'yan kwanaki. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tsohon gidan Razdan na Kalaba a Birtaniya aka ƙera shi, aka kawo shi a jirgin ruwa cikin 1884, har yanzu yana tsaye.

Amma akwai sharuɗɗa uku. Na farko, gara. Farin katako mai taushi abincinta ne, ƙirya da maɗaci su ne masu juriya. Kada ginshiƙi ya taɓa ƙasa, a ɗora shi bisa harsashin siminti, a shafa masa magani. Na biyu, ruwa. Wanda ya ga ambaliyar Kwara ta 2020 a Jihar Kebbi ya san amfanin ɗaga harsashi. Kuma mahaɗar sabon rufi da tsohon bango nan ne yoyo yake farawa. In ba a lanƙwasa kwano a rufe ta ba, damina ɗaya sai ta cinye gindin katangar ƙasa, a rasa tsoho garin neman sabo.

Na uku, shi ne mafi nauyi, haƙƙin maƙwabci. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya bayyana cewa ba a buɗe taga inda za a leƙa cikin gidan maƙwabci, ko ƙofa daidai da tasa. Ya kuma ce abin so ne mutum ya bar maƙwabcinsa ya kafa itace a bangonsa, amma alƙali ba ya tilasta shi. To, a nemi izni kafin a buga ƙusa, a juya indararo ya zuba cikin filin mai gini. In kuwa gidan gado ne ba a raba ba, a tara magada, a rubuta wanda ya biya kuɗi gaban shaidu. Ɗakin katako yana kwancuwa a ɗauke, amma zumunci in ya tsage gyaransa da wuya.

Allah Ya ba mu zama lafiya da maƙwabta, amin. Haza wasalam.