Lazaret: Sana'ar DJ Na Cinye Kunnuwan Masu Yin Ta

Da wuya ƙarshen mako ya wuce a unguwar Lazaret ta birnin Yamai ba a datse wani layi da rumfar biki ba. DJ ne ke fara zuwa, shi ne kuma na ƙarshen tafiya, kuma galibi teburinsa na dab da manyan lasifikoki.

A nan matsalar take. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kunne na iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, amma idan ta kai desibel 100, minti 20 kacal ne. DJ kuwa yakan shafe awanni a dare guda. Alamar farko ita ce ƙugin da ke zama a kunne bayan an kashe kiɗa. Idan ƙananan ƙwayoyin ji na cikin kunne suka mutu, ba sa sake tsirowa. Abin takaici, wanda jinsa ya ragu shi ne ke ƙara murɗa sauti, sai ɓarnar ta ƙaru.

Sai dai kurumta ba ta rufe ƙofar sana'ar. Troi Lee, wanda aka haifa kurma a Landan, ya kafa Deaf Rave a 2003, inda ake bin kiɗa ta girgizar da ke ratsa jiki.

Likitocin kunne na ba da shawarar sanya abin toshe kunne, da matsar da tebur bayan lasifika, da zuwa gwajin ji da zarar ƙugin ya ƙi tafiya.