Dogon Wake na Ƙasar Sin

A kudancin ƙasar Sin, da Tailan, da Indunisiya, ana noma wani wake da ake kira dogon wake. Ɗan'uwan waken ƙasar Hausa ne, gama asalinsu ɗaya, daga Afirka. Amma shi kwasfarsa siririya ce, tsawonta yakan kai kamu guda. Ba a barinsa ya bushe a gona. Tun yana ɗanye ake tsinke shi, a ci har da kwasfar.

Ga yadda Sinawa ke dafa shi. Mai girki takan wanke shi, ta yayyanka kamar tsawon ɗan yatsa, ta bar ruwan ya tsane sarai. Sa'an nan ta ɗora kasko mai zurfi a kan wuta mai ƙarfi, ta zuba ɗan mai. Da ya yi zafi sai ta jefa tafarnuwa da citta da barkono, ta bi su da waken, tana ta juyawa ba tsayawa. Daga ƙarshe ta yayyafa wani baƙin romo mai gishiri, wanda ake yi da waken soya. Aikinsa a girkinsu kamar na daddawa ne a miya.

Gwanintar duka tana wajen saukewa. Minti 5 ya isa. In an tsaya tafasa shi cikin ruwa, sai ya sha ruwan ya yi laɓe-laɓe, daɗinsa ya tafi. Wanda ya soyu daidai yana nan kore shar, da ɗan ƙarfinsa a haƙori. Da zafinsa ake ci, da farar shinkafa.