Aikin Rukuni a Waya: Darasin da Muka Ɗauka Wurin Yayyenmu Masu Digiri na Biyu

Duk wanda ya taɓa zama a jami'a ranar Juma'a da yamma ko Asabar da safe ya san su. Su ne masu shigowa da jaka a kafaɗa, wani da kayan ofis a jikinsa, wata da goyo, kowa na sauri kada lakca ta wuce shi. Ɗaliban digiri na biyu da na digirgir ke nan, yayyenmu a karatu.

Mu 'yan digirin farko, in malami ya ba mu aikin rukuni, abin da sauƙi: mu haɗu a gindin bishiya bayan La'asar, tunda duk a makaranta ko kusa da ita muke kwana. Su kuwa wani malamin sakandare ne a Gumel, wata ma'aikaciyar jinya ce a Funtuwa, wani kuma yana banki a Kaduna. To, in aka raba su biyar-biyar aka ce su gabatar da takarda nan da mako uku, ina za su haɗu? A waya. Mun daɗe muna kallon yadda suke yi, domin wasunsu yayyenmu ne a gida, wasu kuma su ke taimaka wa malamanmu a aji.

Yadda aka zo nan

Tilas ce ta fara koya wa mutane wannan hanya. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Najeriya saboda annobar korona, a daidai lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. A 2022 ma an sake wani yajin, daga 14 ga Fabrairu zuwa Oktoba. A waɗannan watanni azuzuwa a kulle suke, kuma ga ɗalibai da yawa guruf ɗin WhatsApp na aji ne kaɗai ya rage yana haɗa su. Da aka koma karatu, ɗabi'ar ba ta tafi ba.

Yanzu da zarar an raba rukuni, kafin a fita daga aji wani ya buɗe guruf. A nan ake tura littattafai da maƙalu, a nan ake yin saƙon murya a bayyana abin da ya shige wa wani duhu. In ana son magana baki da baki, sai a hau Zoom, wanda na kyautarsa ke yankewa bayan minti 40, ko Google Meet da ke ba rukuni awa guda. Rubutun kansa kuma wasu na yin sa a Google Docs, inda mutum biyar za su iya rubutu a takarda ɗaya a lokaci ɗaya, kowa daga garinsa.

Neman kayan karatu ma ya sauya. Malamanmu kan ba mu labarin yadda a zamaninsu mutum zai hau mota zuwa Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Gidan Arewa a Kaduna, don maƙala ɗaya tak. Yau Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, kan nuna wa ɗalibi maƙalu da dama yana zaune a ɗakinsa. Manhajar Zotero kuwa kyauta ce, tana tara madogara ta jera su, kuma 'yan rukuni na iya buɗe rumbu ɗaya kowa yana zuba abin da ya samo.

Waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi su ne matan aure da ma'aikata. Uwar da ba za ta iya barin gida ta kwana a wani gari ba, tana iya kwantar da yara ta buɗe waya ta yi nata aikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai mun lura da wani abu. Waya ta sauƙaƙa haɗa takarda, amma ba ta sauƙaƙa haɗa kai ba. Abin da ya fi yawa shi ne a yanka aikin kamar naman layya: kai gabatarwa, ke bitar ayyukan magabata, wane kammalawa. Kowa ya rubuta nasa ya tura, shugaban rukuni ya manna su daren da za a miƙa. Takarda ta fito da suna biyar, amma ba wanda ya karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. Ranar gabatarwa sai malami ya jefa wa mai gabatarwa tambaya daga sashen da ba shi ya rubuta ba, sai ka ga ana kallon-kallo.

Dalilin da ya sa malamai ke ba da aikin rukuni shi ne a yi musu, wani ya kawo hujja wani ya rushe ta, har a fito da abin da mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. In aka cire musun, an cire karatun.

Ga kuma ɗan cin bulus. A da in bai zo zama ba kowa ya gani. Yanzu yana cikin guruf, yana tura alamar babban yatsa, yana cewa Allah Ya ƙara basira, amma ko layi ɗaya bai rubuta ba. A ƙarshe makinsa ɗaya da wadda ta hana idonta barci.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, matsalar ta ɗauki sabon salo. Mutum zai iya miƙa sashensa cikin minti kaɗan, da Turanci mai santsi. Amma irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira an san su da ƙago madogara: sunan marubuci, shekara da mujalla, duk a jere kamar gaske, alhali babu maƙalar. In ɗaya ya manna irin wannan, sauran huɗun ma sun sa hannu a kan ƙarya ba su sani ba. Jami'o'i da dama na tace kundin bincike da manhajoji irin su Turnitin don gano satar fasaha, kuma laifi ne da kan iya raba mutum da digirinsa.

Ba kowane shiru ba ne lalaci

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har da kashi 50 cikin 100. Taron bidiyo na awa guda na cin data sosai. Wanda ke aiki a ƙauyen da sabis ke yawo, ko unguwar da ake kwana biyu ba wuta, zai iya ɓacewa daga guruf ba don ya so ba. Akwai kuma gidajen da ba za a lamunci matar aure tana taron waya da ƙarfe 11 na dare ba. Rukunin da bai tambayi halin da kowa ke ciki ba kafin ya sa lokaci, zai hukunta mara laifi.

Abin da masu nasara ke yi

Rukunonin da muka ga aikinsu ya yi kyau ba su fi sauran kayan aiki ba, tsari suka fi su. Tun ranar farko sukan rubuta wa zai yi me, da ranar da zai kawo. Sukan yi rubutu a takarda ɗaya, domin Google Docs na adana tarihin gyara, ana ganin wanda ya rubuta da lokacin da ya rubuta, gardama ta ƙare. Ba a karɓar madogara sai wani daban ya buɗe ta ya gani da idonsa. Kowa kan karanta sashen ɗan'uwansa ya yi masa tambaya. In data ta yi tsada, sai a kashe bidiyo a bar murya. Sannan ko sau ɗaya ne, sukan zauna ido da ido bayan lakcar Asabar, su yi gwajin gabatarwa, su tsare juna da tambayoyi kafin malami ya tsare su.

Mu ma layin muke bi. Nan da shekara ɗaya ko biyu kowannenmu zai tsaya gaban malamai ya kare kundinsa, kuma a wannan ɗaki ba guruf, ba saƙon murya, sai abin da ke cikin kai. Don haka aikin rukunin da aka ba mu a wannan zangon, mu fara da shi: kafin mu miƙa, kowa ya karanta shi duka, ya tabbata zai iya amsa tambaya daga kowane shafi.