Albashi Da Karatun Kimiyya: Daga Dawakin Kudu Zuwa Zakirai

Duk wanda ya yi sakandare a Kano daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 yana tuna su: malaman lissafi da fiziks da kemistiri 'yan Indiya da Pakistan da Masar, ga kuma 'yan Ghana birni da ƙauye. Lokacin da gwamnatin jiha ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, 'yan ƙasa masu digirin kimiyya ba su taka kara sun karya ba, ƙalilan ɗin da ake da su kuwa ma'aikatu da kamfanoni na rububinsu. Baƙi ne suka riƙe alli.

Darajar naira ce ta jawo su. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya, saboda haka albashin da ɗan ƙasa yake rainawa, in baƙo ya aika da shi gida, sai ya isa gina ɗaki da aurar da 'ya. Gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu a 1983, 'yan Ghana da dama suka tafi. A 1986 tsarin SAP na Janar Babangida ya karya naira, sauran ma suka tattara nasu ya nasu. Ba a jima ba likitocinmu da malaman jami'a suka bi sahu, wasu Saudiyya, wasu Ingila da Amurka.

Can Amurka ma lissafin bai sauya ba. Matashi yakan shafe shekara biyar zuwa shida yana digirin digirgir a kan ɗan alawus, ya gama kuma ya ƙara wasu shekaru a ɗakin bincike da aikin wucin gadi. A 2024 hukumar binciken lafiya ta NIH ta sa mafarin kuɗin irin waɗannan masu bincike a kan dala 61,008 a shekara, alhali abokin karatunsu da ya shiga banki ko kamfanin kwamfuta ya daɗe da wuce nan. Irin wannan ƙarancin albashi ne ya sa ma'aikatan Jami'ar Kalifoniya kusan 48,000, akasarinsu ɗalibai masu bincike da koyarwa, suka tafi yajin aiki a 2022. Ɗan ƙasa mai zaɓi sai ya kauce. Ɗan Sin ko Indiya ko Nijeriya, wanda dala da izinin zama suke da daraja a wurinsa, sai ya karɓa. Yau fiye da rabin masu samun digirin digirgir a injiniyanci da kimiyyar kwamfuta a Amurka baƙi ne. Masana tattalin arziki irin su Richard Freeman na Jami'ar Harvard sun daɗe suna nuna cewa ba ƙwaƙwalwa 'yan ƙasar suka rasa ba, riba suke dubawa.

A Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, uba manomi ma yana wannan lissafin. Gonakin gado sun tsuke, gero da dawa da gyaɗa da ƙyar suke kai gida wata damina. In yaro ya nuna kaifin lissafi, sai an sayar da tumaki ko buhunan wake kafin ya gama Jami'ar Bayero ko kwalejin horar da malamai ta Bichi. Ya dawo da takarda, aikin da ya fi kusa da shi koyarwa ne, a jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 71,000 tun 2024, shekarar da dala ta haura naira 1,500. Sa'ansa da ya kama kasuwa a Kwari ko Singa tuni ya yi aure ya sayi babur. Wanda ya karɓi aji ma za a ji yana cewa yana ɗan koyarwa ne kafin Allah ya kawo aiki.

Bambancin a nan yake, kuma shi ne abin damuwa. Amurka na da kuɗin da zai jawo baƙo ya cike gurbin da ɗan ƙasa ya bari. Kano ta taɓa samun wannan damar, yanzu babu. Gurbin malamin fiziks a makarantar karkara yakan zauna fayau, ko a miƙa shi ga ɗan hidimar ƙasa da zai tafi bayan shekara guda, ɗalibai su shiga jarrabawar WAEC da NECO ba su taɓa gwaji da hannunsu ba.

An yi alƙawura. A ranar malamai ta duniya ta 2020 Shugaba Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu koyar da kimiyya da masu aiki a karkara. A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Abin da iyaye da matasan Gabasawa za su duba shi ne ko alawus ɗin zai shiga asusun malami kowane ƙarshen wata, ko za a ba shi gida kusa da makaranta, da kuma ko ƙarin girma zai zo a kan lokaci.