Ba Fasassun Tayil Ba Ne: Aikin Mozayik a Bangon Coci

Tun da aikin babbar majami'ar ƙasa ya tsaya a Akra, bayan an kashe kimanin dala miliyan 58 ba a ga komai ba sai rami, musu kan adon ɗakin ibada bai bar bakin mutane ba, daga tashar Tudu har Nima da Maamobi. A cikin musun akwai maganganu biyu da 'yan Zango ke yawan yi game da mozayik, wato hoton da ake haɗawa da ƙananan duwatsu da gilashi a bangon coci. Wasu su ce fasassun tayil ne da birkila ya tsinto, wasu su ce gumaka ne kawai.

Maganar farko ce ta fi ba ni haushi. Kafin a taɓa bango, mai aikin yakan zana hoton a takarda daidai girman da zai fito, ya zauna da fada da dattawan coci a daidaita abin da za a nuna da inda zai zauna. Sannan a sare gilashi ƙanana ƙanana kamar farce, a dasa su ɗaya bayan ɗaya a ɗanyen shafe. Launin yana cikin gilashin ne, ba fenti aka shafa ba, shi ya sa na cocin San Vitale a Ravenna ta Italiya, wanda aka keɓe a 547, har yau bai koɗe ba. Na zinariya kuwa, ganyen zinariya ne siriri ake rufewa tsakanin gilashi biyu. Gwani ba ya kwantar da su sumul. Yana ɗan karkata kowanne, don idan hasken fitila ya faɗa, bangon ya riƙa walƙiya yayin da mai ibada ke tafiya. Duk wanda ya taɓa kallon mai ɗinkin hula ya san lissafin: zare ɗaya ba komai ba ne, amma a kuskure gurbinsa, zanen duka ya karkace.

A nan ne ma'anar take ga Kirista. Zinariyar da ke bayan hoto ba sararin Akra ko na Urushalima take nunawa ba, alama ce ta hasken Allah. A cocin Rumawan Gabas, Yesu ake sawa a tsakiyar ƙubba, Maryamu a saman bagadi, waliyyai a ƙasa kusa da jama'a. Tarin duwatsun da suka zama fuska ɗaya kuma yana tuna musu wasiƙar Bitrus ta fari, inda ya kwatanta masu bi da duwatsun gini. 

Batun gumaka fa? Kiristoci da kansu sun shafe fiye da shekara ɗari suna rikici a kansa, ana farfasa hotuna, kafin ya lafa a 843. Majalisar Nikiya ta 787 ta yanke cewa ana girmama hoto, bauta kuwa ta Allah ce kaɗai. Har yau coci-coci da yawa a Gana, musamman na Fentikos, ba sa sa hoto. Musulmi na da hujjarsa ta ƙin surar mai rai a masallaci, amma sana'ar ba baƙuwarsa ba ce. Ƙubbatus Sahra a Ƙudus da masallacin Umayyawa na Dimashƙa cike suke da mozayik na itatuwa da ganyaye. A Ƙurɗuba, Halifa Hakam na Biyu ya roƙi sarkin Rumawa ya aiko masa da gwani don ƙawata mihrabi. Ko da Turkiyya ta mayar da tsohuwar majami'ar Aya Sofiya masallaci a 2020, ba ta kankare hoton Maryamu da ke wajen alƙibla ba, labule aka sa masa.