Shelar da Ke Tayar da Fararen Ƙwayoyin Jini

Duk wanda maruru ya taɓa fito wa ya san yadda abin ke tafiya. Wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya hana barci, daga baya ya nuna ya fashe. Mugunyar da ke fitowa, mafi yawanta gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira niyutirofil, waɗanda suka mutu wajen cinye ƙwayoyin cuta. To, wa ya gaya musu inda ɓarnar take, alhali suna can cikin jini suna yawo?

A cikin naman jiki akwai wasu fararen ƙwayoyin da ke zaman dako, sunansu makurofej. Da sun ci karo da baƙuwar ƙwaya sai su saki ƙananan sinadaran furotin da masana ke kira saitokayin. Aikinsu irin na sanƙira ne: ba sa riƙe makami, shela kawai suke yi, amma kowa na jin shelar ya san abin da aka ɗora masa. Biyu daga cikinsu, TNF da IL-1, suna sa bangon ƙananan jijiyoyin jini na kusa da wurin ya yi danƙo. Niyutirofil ɗin da ke wucewa sai ta rage gudu, ta riƙa mirginawa, ta manne, ta kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon, sannan ta bi sawun wani sinadarin, IL-8, har inda cutar take. Wani saƙon ya nufi ɓargo, wanda ko a ranar lafiya yake samar da niyutirofil kusan biliyan 100, a ce masa ya ƙara. IL-6 ya nufi hanta. Wani kuma ya isa ƙwaƙwalwa, ta ɗaga zafin jiki. Zazzaɓi ke nan. Farasitamol na sassauta wannan umarnin ne kawai, bai taɓa ƙwayar cutar ba.

Sanin nan bai tsufa ba. A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano intaferon, ɗaya daga cikin saitokayin, a Landan, a 1975 kuma Lloyd Old da abokan aikinsa suka bayyana TNF a birnin Niyok.

Matsalar tana farawa ne idan shelar ta ƙi tsayawa. A zazzaɓin cizon sauro, duk sanda ƙwayoyin cutar suka fasa jajayen ƙwayoyin jini suka fito, sai TNF ya yi sama, mutum ya hau karkarwa. Binciken Malawi da ya fito a 1989 da na Gambiya da ya fito a 1990 sun nuna yaran da cutar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, musamman waɗanda suka rasu, sun fi yawan TNF a jini. Hankali sai ya ce a toshe shi yara su rayu. An gwada a Gambiya, sakamakon ya fito a 1996, mutuwa ba ta ragu ba. A ganina wannan gwajin ya fi nasarori da yawa koyarwa, domin ya nuna saƙonnin sarƙe suke da juna, ba igiya guda ba ce da za a tsinke a huta.

Ƙarfin saitokayin ya fito fili a watan Maris na 2006 a Landan, inda aka yi wa maza shida lafiyayyu allurar gwajin wani magani, TGN1412. Cikin 'yan sa'o'i saitokayin suka ɓalle a jikinsu, gaɓoɓin ciki suka fara gazawa, duk shidan suka kwanta a sashen kulawa ta musamman. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a lamarin, garkuwar jikinsu ce ta kusa halaka su. Irin haka aka gani a huhun masu korona da jiki ya yi tsanani, shi ya sa a watan Yuni na 2020 gwajin RECOVERY na Birtaniya ya gano dekzametason, tsohon magani mai kwantar da garkuwa, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi.

Sai dai rufe bakin shelar ma yana da tsada. Magungunan toshe TNF, da Marc Feldmann da Ravinder Maini suka share wa fage a farkon shekarun 1990, sun miƙar da masu amosanin gaɓɓai da dama. Amma TNF ɗin ne ke riƙe da katangar fararen ƙwayoyin da ke killace ƙwayar tarin fuka a huhu, da an kawar da shi sai tarin da ke kwance ya farka. Don haka ake gwajin tarin kafin a fara maganin. Abin da ke damuna shi ne, dekzametason ɗin nan shi ne wasu ke saya a kemis ba takardar likita, suna sha wata da watanni don su yi ƙiba, a ƙasar da tarin fuka ya yi katutu. Kumatu su ciko, garkuwa ta yi sanyi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani furotin mai suna Duffy a bayan jajayen ƙwayoyin jininsu. Shi ne ke kama sinadaran da ke jan fararen ƙwayoyi, shi ne kuma ƙofar da maleriya nau'in baibas ke shiga ta cikinta. Rashinsa ya ba da kariya daga wannan nau'in, ya kuma sa adadin niyutirofil a jinin mutanen ya yi ƙasa da ma'aunin littattafan da aka gina kan jinin Turawa, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Lafiyayyen Bakano na iya karɓo takardar gwaji da ta ce fararen ƙwayoyinsa sun yi kaɗan, mai jinyar daji kuma a jinkirta masa magani saboda lambar da, a jikinsa, daidai take. Ɗakunan gwajinmu na buƙatar ma'aunin da aka auna a jinin mutanen da suke yi wa aiki.